Zumar Picos a Ƙoƙon Mate

Ranar Litinin ta farko a watan Maris, Jucelia ta tura ƙofar ɗakin binciken ruwa na jami'a, ta tarar da mutum shida zaune a da'ira. Babu mai riƙe da littafi. Ƙoƙon mate, shayin ganye na mutanen kudu, shi ne kawai yake zagayawa daga hannu zuwa hannu, tururi na tashi daga koren ganyen.

Kwananta uku ke nan a Porto Alegre. Daga Picos ta taso, can arewa maso gabas, ta shiga mota, ta shiga jirgi biyu, duk don gurbin digiri na biyu da ta ci. A akwatinta akwai riguna marasa nauyi da kwalabe biyu na zumar mahaifinta.

Ƙoƙon ya iso kanta. Ta zuƙa sau ɗaya, ɗaci ya doki ƙwaƙwalwarta. Sai ta kama bututun ƙarfen ta hau juya ganyen kamar mai dama kunu, ta ce, "Na gode," ta miƙa shi da sauran ruwa a ciki.

"Wayyo, ta kashe shi!" in ji wata daga gefe.

Wani ya ce, "Ku ƙyale ta mana. A wajensu ruwan ma sai an yi roƙo, ina za ta san shayi?"

Aka kwashe da dariya. Irin dariyar nan tamu ta mutanen kudu, wadda muke cewa wasa ne kawai, alhali ba mu taɓa tambayar wanda aka yi wa ko wasan ya yi masa daɗi ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Dogo ne, da filas ɗin ruwan zafi a hammata. Ya karɓi ƙoƙon, ya gyara ganyen da yatsa, ya jawo kujera kusa da ita.

"Sunana Tarcisio. Dokokin uku ne, babu wuya. Ba a taɓa bututun. Sai kin shanye har ƙoƙon ya yi kwarrr. Kuma kada ki ce kin gode sai kin ƙoshi, domin daga nan tsallake ki za a yi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wato a garinku godiya laifi ce?"

"A'a. Sallama ce."

Ya sake zuba ruwa ya miƙa mata. Ta rufe ido ta shanye har ƙasa. Da ƙoƙon ya yi ƙara ta buɗe ido, ta ga kunnuwansa sun yi ja.

Makonnin farko sun ba ta wuya. Ɗakin da ta kama ƙarami ne, tagarsa na kallon bangon wani gida. In ta buɗe baki a shago sai a ce ta sake faɗa, ba don ba a ji ba, sai don a ƙara jin karin harshenta. Sau biyu ta shiga bas da ba nata ba. Abin da ya riƙe ta shi ne aikinta: duk Laraba tana tsallaka kogi zuwa unguwannin tsibiri, ta ɗebi ruwan da mata ke ba 'ya'yansu, ta kawo ta auna. Birni guda yana kallon tsibiran nan kullum daga bakin gaɓa, yana yaba kyan faɗuwar rana, babu mai tambayar abin da suke sha.

Tarcisio yana digiri na uku a kan ƙasar noma, babu abin da ya haɗa shi da ruwan tsibiri. Amma duk Laraba sai a gan shi ɗauke da akwatin kwalabenta.

Da sanyin Mayu ya shigo, wayarta ta yi ƙara da safe, saƙo daga Tarcisio, wanda ya laƙaba mata suna da bishiyoyin yazawar garinsu:

"'Yar Yazawa, na leƙa ta taga na ga iskar kudu ta taso. Kin sa rigar sanyi, ko har yanzu kina faɗa da ita da rigar bazara?"

Ta amsa: "Mai Filas, na sa riga uku da tawul. Garinku ba na mutane ba ne, na kifin firji ne."

"Ina ƙasan gidanku da bargon kakata. Ki sauko kafin ki daskare, ni ban iya narkar da mutum ba."

Ranar Lahadi suka tafi babban lambun gari, suka zauna a ciyawa inda rana ke faɗa. Ya cika ƙoƙon ya ba ta, ta shanye, ta ce, "Yau ni zan zuba maka. Ka ɗanɗana abin da ake kira daɗi."

Ta ciro ƙaramar kwalba daga jaka, ta tsiyaya zuma a gefen ganyen, ta zuba ruwa ta miƙa masa. "Ta Babana ce. Amyarsa tamanin, a ƙarƙashin bishiyoyin yazawa."

Tarcisio ya riƙe ƙoƙon kamar an ba shi garwashi. Ba kunnuwa kaɗai ba, har wuyansa ya yi ja.

"Mene ne? Na sake karya doka?"

"A'a," ya ce da sauri. "Ko kaɗan."

Ya shanye a hankali, bai bar ko ɗigo ba. Ranar ce ya fara riƙe hannunta a hanyar komawa, ya ce hannun ya yi sanyi, ita kuma ba ta gaya masa cewa ƙarya yake ba.

A watan Yuni ya ce yana so ta ga gidansu. Garinsu yana kan tsauni, tafiyar awa biyu da rabi, inda jikokin Italiyawa ke noman inabi. Jucelia ta ɗaure babbar kwalbar zumar da jan zare don mahaifiyarsa.

Dona Zelinda ta tarbe su a bakin ƙofa. Ta sumbaci ɗanta, ta ba Jucelia kan yatsu.

"To, ke ce. Sannu da hanya. Yaushe za ki gama ki koma wajenku?"

Ta karɓi zumar ba ta duba ba, ta ɗora ta can saman kabad bayan tsofaffin tukwane.

A ɗakin girki akwai kakar Tarcisio, Nona Assunta, mahaifiyar Dona Zelinda, zaune kusa da murhun itace. Akwai kuma Graciele, 'yar maƙwabta, mai aikin kantin magani, wadda ta san inda kowane cokali yake a gidan. Tun suna yara Dona Zelinda ta gama ɗaura musu aure da Tarcisio a cikin ranta.

Aka ci faten masara da kaza. Bayan abinci Dona Zelinda ta haɗa mate. Ya zagaya kan kowa sau uku, ana tsallake Jucelia kamar an manta. Sai da ganyen ya gama wankewa, sannan matar gidan ta ɗauki wata buta da ta daɗe a gefe, ta zuba, ta miƙa mata.

Ruwan ya huce, kuma lami ne, babu ɗaci babu ƙamshi. Jucelia ta karɓa da hannun dama, ba ta taɓa bututun ba, ta shanye har ya yi kwarrr. Ta dubi Tarcisio da murmushi, tana so ya ga ɗalibarsa ta iya. Shi kuwa idonsa na kan takalminsa. Nona Assunta ta yi tsaki ta juya wa ɗiyarta baya.

A wajen wanke kwanoni Graciele ta matso kusa da ita.

"Kin burge ni fa. Ni da an ba ni wannan, da tuni na ɗauki jakata."

"Me aka ba ni?"

"Au, bai gaya miki ba? 'Yar uwa, a gidajen tsofaffi irin wannan mate magana yake yi. Mai sanyi, an raina ki ke nan. Wanda ya wanke, ana cewa ki je ki sha a wani gidan. Ke kuwa biyun aka haɗa miki." Ta miƙa mata faranti. "Goge wannan."

Jucelia ta goge farantin tas. Ta yi sallama da kowa cikin ladabi. Sai da mota ta sauko daga tsaunin sannan ta yi magana.

"Ka san ma'anarsa?"

Ya kafa idonsa a kan titi.

"Tarcisio, tambayarka nake. Ka sani?"

"Jucelia, al'adar da ce, yanzu babu mai ɗaukarta da gaske. Haka Mama take. In kika ba ta lokaci..."

"Ka zauna kana kallo aka kore ni, ni kuma ina shanye korar ina yi maka murmushi."

"Ban so a yi rigima a gaban Nona ba."

"Ai ba a yi ba. Barka."

Wannan kalmar, haka take, ita ce ta fi cin mutane a gidajenmu. Da ita ake rufe bakin kowa. Uwa ta wulaƙanta baƙuwa, haka take. Abokin aiki ya yi ba'a da yankin mutum, haka yake. Kuma masu faɗarta ba mugaye ba ne, mutanen kirki ne irin Tarcisio, masu kawo bargo da ɗaukar akwati, waɗanda suka fi son a gama cin abinci lafiya a kan a faɗi gaskiya.

Da suka isa ta sauka ba ta waiwaya ba. Washegari ta kira mahaifinta, Seu Anisio. Ta so ta ɓoye, muryarta ta tona ta.

"'Yata, tun farko na ce miki mutanen can ba sa ganinmu da gashi. Ki tattaro ki dawo. Jami'a akwai a Teresina, nan kusa da gida. Ban haife ki don a ba ki ragowar ruwa ba."

"Baba, aikina fa? Matan tsibiri suna jiran sakamako."

"Su ma suna da 'yan garinsu. Ki dawo."

Ta sayi tikitin Talatar ƙarshen Yuli. Ta rubuta takardar ajiye karatu, ta sa a jaka, kullum sai ta wuce ofishin malaminta ba ta miƙa ba. A ɗakin bincike in ƙoƙo ya nufo ta sai ta ce, "Na gode," tun kafin ya iso.

Saƙonninsa suna shigowa.

"'Yar Yazawa, na yi kuskure. Ki bari in gan ki."

"Laraba na tsaya a bakin jirgin ruwa har ya tashi. Na ga kin ɗauki akwatin ke kaɗai."

Ba ta amsa ba. Bayan mako biyu wani ya shigo:

"Na je gida. Na gaya wa Mama abin da ya kamata in faɗa ranar. Ta yi kuka, ta ce na zaɓi bare a kanta. Na gaya wa Graciele ma ta daina jira. Ba don ki yafe mini na faɗa miki ba. Don ki san ba ke kika yi laifi ba."

Ta karanta sau huɗu, ta kife wayar.

Ranar Juma'a wata baƙuwar lamba ta kira ta.

"Ke ce yarinyar zuma? Assunta ce. Jibi ina cika tamanin da biyar. Jikana sakarai ne, ɗiyata kuma ta fi shi, amma ni ban yi miki komai ba. Ki zo ki ci kek ɗina. In ba ki zo ba zan mutu, ya zama ke ce sila."

"Haba Nona!"

"Bas na tashi bakwai da rabi. Ki sa safa."

Ta tafi. Ba don Tarcisio ba, ta gaya wa kanta. Akwai maganar da take so ta sauke kafin Talata.

Ɗakin girkin ya cika da dangi. Graciele ba ta nan. Tarcisio ya rame, ya miƙe da ganinta, ta wuce shi ta durƙusa ta gaida Nona. Bayan an yanka kek, Dona Zelinda ta jawo ƙoƙo za ta haɗa mate. Jucelia ta tashi tsaye.

"Dona Zelinda, ki yi haƙuri in yi magana. Ranar nan na shanye abin da kika ba ni ina murna, domin ban san me yake cewa ba. Yanzu na sani. Ban zo faɗa ba, gidanki ne. Amma in ba kya so na, ki faɗa mini da baki. Ina jin magana. Ko karin harshena daban ne, kunnena iri ɗaya ne da naki."

Duk idanu suka koma kan matar gidan.

Dona Zelinda ta ce, "Ni ban ce komai ba. Ɗana ne dai, ina so ya auri wadda ta san mu."

"Zelinda," in ji Nona Assunta daga kujerarta. "Wace ce ta tafi Porto Alegre karatun jinya tana da shekara sha takwas, ta dawo bayan wata biyu da akwatinta tana kuka?"

"Mama, don Allah..."

"Sun ce tana warin faten masara. Sun riƙa sa ta maimaita magana suna dariya. Ni na wanke miki fuska a wannan kwanon. Da wani ya tsaya miki a lokacin, da yau ke ma'aikaciyar jinya ce. Yarinyar nan ta zo daga inda ya fi nisa sau goma, ta yi wata huɗu ba ta gudu ba, sai da ta zo gidanki."

Dona Zelinda ta zauna. Ƙoƙon yana hannunta.

Tarcisio ya matso ya karɓe shi a hankali. "Mama, yau ni zan haɗa."

Ya zuba sabon ganye, ya karkata shi gefe, ya kafa bututun. Ya zuba ruwa ya shanye na farko da kansa, mai ɗacin, kamar yadda mai haɗawa yake yi. Sannan ya hau kujera, ya miƙa hannu bayan tsofaffin tukwane, ya sauko da kwalbar zuma, jan zarenta ya yi ƙura. Ya buɗe, ya tsiyaya cokali guda, ya zuba ruwan zafi, ya nufi Jucelia.

Wata inna ta rufe baki da hannu. Wani kawu ya ce, "To fa!"

Jucelia ta dubi fuskoki. "Wannan kuma me yake cewa?"

Nona ta kyalkyale da dariya har da tari. "Mate da zuma, yarinya, cewa yake ina son aurenki. Kuma an gaya mini ke kika fara ba shi, a tsakiyar lambu, rana tsaka."

Jucelia ta juya ga Tarcisio, idanunta waje. "Ranar nan! Shi ya sa ka koma kamar tumatir?"

"Wata biyu ina ɗauke da amsata, na rasa inda zan ajiye."

Ba ta karɓi ƙoƙon ba. Ta naɗe hannu.

"Ni ba na jin yaren ƙoƙo, Mai Filas. Shirunka ne ya kawo mu nan. Ka faɗa da baki, kowa ya ji."

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dawo da idonsa kanta.

"Na ga an wulaƙanta ki a gidanmu na sunkuyar da kai. Ba zan sake ba, ko a nan, ko a ɗakin bincike, ko a ina. Jucelia, ina son ki. Kada ki tafi ranar Talata. Ki gama aikinki, ki aure ni."

Ta karɓa da hannun dama. Ta sha a hankali, hawaye na gangarowa, har ƙoƙon ya yi kwarrr. Ta miƙa masa.

Ba ta ce na gode ba.

Dangi suka ɗauki shewa. Dona Zelinda kaɗai ce ba ta tafa ba. Ta miƙe, ta taɓa gefen butar, ta ce, "Ruwan nan ya fara hucewa." Ta ɗora ta a wuta, ta tsaya a kanta har ta fara kuka, ta sauke kafin ta tafasa. Ta karɓi ƙoƙon daga hannun ɗanta, ta cika, ta miƙa wa Jucelia ba tare da ta ɗago ido ba.

"Ki yi a hankali. Da zafi."

Ranar Litinin Jucelia ta yaga takardar da ke jakarta. Ranar Laraba aka ga mutum biyu a jirgin tsibiri da akwatin kwalabe a tsakaninsu.

Seu Anisio bai sauko da wuri ba. Ya ce sai ya ga yaron da idonsa. Tarcisio ya je Picos a watan Disamba, ya kwana biyar yana bin surukinsa cikin amya, ƙudan zuma suka harbe shi sau tara, bai yi ƙorafi ba. A rana ta shida tsohon ya ce, "Ba shi da jini a fuska, amma yana da shi a zuciya."

Bayan shekara ɗaya da rabi Jucelia ta kare kundinta. Kafin ta kai wa kowa, sai da ta tsallaka kogi ta karanta wa matan tsibiri abin da ta samu a ruwansu, su kuma suka ɗauki takardun suka nufi majalisar gari da ita a tsakiya.

An ɗaura auren a wani ƙaramin coci a Picos, cikin zafin da ke narkar da kyandir. Nona Assunta ta zo a keken guragu, ta ce ta fasa mutuwa sai ta ga tattaɓa-kunne. Dona Zelinda ta zo da filas a hammata, tana fifita da takardar biki. Bayan an fito, a inuwar yazawa, ta haɗa mate da kanta, ta fara miƙa wa uban amarya.

Seu Anisio ya zuƙa sau ɗaya, ya yamutsa fuska. Ya kama bututun ya hau juya ganyen.

Dona Zelinda ta buɗe baki. Ta dubi surukarta cikin farar riga, ta rufe shi.

"Jucelia, 'yata," ta ce, "miƙo wa babanki zuma."

Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa duk baƙon da ya shigo gidansu ya tarar da ruwan zafi.